Baƙuwar da Ta Zo Ganin Talaucinmu

Wata ranar Laraba ce a watan Nuwamba, shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka hau da dardumar maƙwabciyarmu Hajiya Tsahara zuwa gidanmu. Ba ma zuwa lakol, wato makaranta, ran Laraba, saboda haka komai a kan idona ya faru. Asansa, akwatin ƙarfen nan mai hawa da mutane bene, ya lalace tun farkon mako, sai Baba da ɗalibai biyu suka saɓo dardumar a kafaɗa, a naɗe kamar gungumen giginya, suna haki a kan matakala har hawa na huɗu. Duk kwanar da suka zo sai ta maƙale. Baba yana gaba yana ta cewa a bi a hankali kada ta gogi bango, kayan mutane ne. Ni ina biye da farantin shayi mai ruwan azurfa, ƙanena Lawali kuma ya rungumo matashin kai da ya kusa fin shi girma. Da aka shimfiɗa darduma aka koma aka ɗauko talabijin mai faɗi, aka ɗauko labule masu nauyi. Kafin azahar falonmu ya zama falon wasu mutane da ban sani ba. Baƙuwa muke jira, daga ofishin da ke biya mana wani kaso na kuɗin haya.

A Villeurbanne muke zaune, gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa, kusa da jami'ar da Baba ke neman digirin dakta a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga Damagaram ya zo da burs, wato kuɗin karatu na gwamnati, daga baya ya ɗauko mu ni da Inna ina 'yar shekara huɗu. Lawali a nan aka haife shi. Burs ya ƙare, karatu bai ƙare ba. Baba ya kama gadi a wani babban kanti da yamma, Inna kuma tana sharar ofisoshi da asuba ta dawo kafin mu fita. Abin da su biyun ke samu ba zai riƙe ɗaki biyu da falo a wannan unguwa ba. Taimakon haya da hukuma ke ba masu ƙaramin ƙarfi shi ya riƙe mu, Inna tana kiransa alokasiyo. Ba mu taɓa ganinsa a hannu ba, kai tsaye yake zuwa wurin mai gidan duk wata, Baba ya cika ragowar. Saboda yadda Inna ke cewa "alokasiyo ta shigo, Allah ya saka mata," na daɗe ina zaton wata tsohuwar Baturiya ce mai kirki da ba ta son a gan ta.

Yaro ba ya sanin abin da ke tallafe da rufin da ke kansa. Abin da na sani shi ne ina da tebur a gindin taga, da ƙofa da zan iya rufewa idan Lawali ya dame ni, da adireshi ɗaya da na haddace tun ina aji ɗaya. Hanyar lakol ɗaya ce, mu bi gefen layin tiram, jirgin lantarkin nan mai bin titi, mu wuce gidan burodi, mu tsallaka wurin tsohon nan mai ɗaga wa motoci hannu. Tsakar benenmu siminti ne, da wata bishiya guda da ke zubar da ƙwallaye masu sheƙi idan sanyi ya gabato. Da su na koya wa 'ya'yan Larabawa da na 'yan Fotugal wasan carafke, su kuma suka nuna mini irin tasu 'yar gala-gala da ake zanawa da alli, wadda gidanta na ƙarshe suke ce masa sama. Idan magariba ta kawo jiki Inna ta leƙo ta taga ta ƙwala, "Rakiya!" sai duk yaran tsakar gida su amsa mata da baki ɗaya, "Na'am!" Kalmar Hausa ke nan da kowa ya iya a benen.

Aikina na kullum shi ne ban ruwa. Inna ta jera gwangwanayen tumatir a balko, ɗan barandar benenmu, ta shuka yakuwa da barkono da wani ɗan zogale da bai taɓa wuce gwiwata ba, sanyi ya kashe shi, da bazara ta sake gwadawa. Ni ke tankaɗe kuka, ni ke sauka da shara, ni ke sayo burodi in cinye kansa a hanya. Ran Asabar mu cika jaka da wanki mu gangara shagon injunan wanki, in zauna ina kallon rigunan Baba suna juyawa a bayan gilashi yayin da Inna ke gyangyaɗi a kan benci. Da safe kafin mu fita Baba yakan kunna labaran Hausa a rediyo, ya sa in maimaita masa abin da na ji. In na saka Faransanci a ciki ya ce in sake daga farko.

Sai kuma baƙi. Duk ɗalibin da ya samu gurbi a Lyon daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, da lambar wayar Malam Haruna, wato Baba, yake sauka a aljihu. Farkon shekarar karatu gidanmu ba ya rabuwa da akwatuna. Su zo da kilishi da daddawa da wasiƙun baki daga dangi, su kwana a falo a kan katifun soso, da safe a naɗe katifun a tura bayan ƙofa, har ranar da kowa zai samu ɗakinsa. Wani mako guda yake yi, wani ya kai wata. Baba bai taɓa tambayar kowa ranar tafiyarsa ba, bai kuma taɓa karɓar ko sisi ba. Yakan ce wa Inna, "A gidana baƙo ba zai san shinkafa ta kusa ƙarewa ba." Ita kuma takan ce ai shinkafar ta sani. A wannan shekara mutum biyu ne a falon, kuma wanda ya fi daɗewa shi ne Kawu Illa, dogo mai yawan barkwanci, wanda ɗakin da aka yi masa alkawari ya suɓuce. Shi ke tsokanar Lawali. "Kai ɗan Faransa, gero a bishiya yake fitowa ko a firigo, akwatin sanyi?" Lawali ya yi dogon tunani ya ce a firigo, falo ya kaure da dariya.

Da sanarwa ta zo cewa wata ma'aikaciya za ta ziyarci gidan don ta tabbatar da halin da muke ciki, iyayena sun fahimce ta sarai, duka biyunsu sun iya Faransanci. Aikin yau da kullum ne ga ofishin, ana yi wa mutane da yawa. Amma su kalma ɗaya ce ta tsaya musu a rai, cewa baƙuwa za ta shigo. Inna ta tsaya a tsakiyar falo ta duba ledar ƙasa da ta yayyage, da kujerar kushin da Baba ya tsinto a bakin titi, wadda tubali ke tsaye a madadin ƙafarta guda, da bangon da danshi ya yi wa taswira. Ta ce, "Mace daga gwamnati za ta zauna a kan wannan?" Kawu Illa ne kaɗai ya yi magana. Ya ce, "Malam, da an bar gidan yadda yake. Ai abin da za ta zo gani ke nan." Baba ya dube shi kamar ya yi saɓo. Ya ce takardu na nan, takardu za su faɗa mata abin da muke samu, amma mu ba mabarata ba ne, kuma ba a buɗe wa baƙo tsiraicin gida. Kawu Illa yana cin tuwon gidan, bai ƙara ba.

Hajiya Tsahara matar wani Alhaji ce mai fataucin atamfa da shadda, suna zaune a benen da ke kallon namu. Ita ta ba da darduma da talabijin da labule, da zuciya ɗaya, kamar yadda ake yi idan maƙwabciya za ta yi suna. Ranar ta zo da kanta duba shiri, ta ga Inna ta ɗaura mafi kyawun zanenta, ta tafa hannu. "Ke Habsu, haka za ki tsaya gaban Baturiya, wuya tsirara kamar wadda aka yi wa sata?" Ta ciro sarƙarta ta zinariya da awarwaro ta saka mata. Baba kuma ya aika wa ɗaliban da suka taɓa sauka a gidan cewa su zo su gai da baƙuwa, domin a wurinsa mutuncin magidanci yana cikin jama'arsa. Suka zo cikin manyan riguna. Inna ta yi dambu da zogale, ta soya kaji, ƙanshin turaren wuta ya cika har matakala.

Bayan azahar ta iso. Mace ce mai matsakaicin shekaru, rigar ruwanta a jiƙe, numfashinta sama-sama saboda matakala. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi takalman maza da suka yi layi har ƙofar maƙwabta, ta daɗe tana dubansu, sannan ta sunkuya ta cire nata. Ɗalibai suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ta. Ba ta da rashin kunya ko kaɗan, gajiya ce kawai a fuskarta. Aka kawo abinci ta ce ta gode, dokar aikinta ta hana. Aka kawo shayi ta ce ta gode. Ruwa kawai ta karɓa, na ga fuskar Inna ta canja. Ta bi takardun Baba ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu kuskure ba. Daga nan ta nemi a zaga da ita. Ta ga ɗakin iyayena, ta ga namu, ta yi mini murmushi ta tambayi ajina. Da za ta dawo falo sai idonta ya sauka a kan katifun da ke bayan ƙofa, da akwatuna biyu a kansu.

Ta tambayi ko wasu na kwana a gidan ban da mu huɗu. Baba ya ce e, baƙi biyu. Ta ce zuwa yaushe? Ya ce shi ba ya tambayar baƙo wannan. Ta ce nawa suke biya? Baba ya ɗago ya dube ta. Ya ce a garinsu ba a sayar wa baƙo wurin kwana. Ta rubuta. Ta ɗaga kai ta dubi talabijin, ta dubi labule, ta dubi wuyan Inna, ta ce cikin ladabi, ga alama al'amura sun ɗan gyaru, waɗannan kayan naku ne? Na dubi mutanen falon. Ga ɗalibai da ke ganin Baba a matsayin uba, waɗanda za su buga waya gida a ƙarshen mako. Ga Hajiya Tsahara tsaye a ƙofar madafa. Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Namu ne." Baba ya sunkuyar da kai yana duban zanen darduma.

Da ta tafi aka yi shagali. Aka ci dambu aka sha shayi har zagaye na uku, Hajiya tana cewa wallahi Habsu kun fita kunya, Baturiya ta ga gidan mutane. Kawu Illa ya ce kansa na ciwo, bai ci ba. Kafin magariba aka naɗe darduma aka sauka da ita, Inna ta cire sarƙa ta mayar, tubalin kujera ya sake bayyana.

Kafin shekara ta ƙare aka dakatar da alokasiyo har sai an gama bincike. Ana zargin Baba yana ba da hayar falo a ɓoye, yana samun kuɗin da bai bayyana ba. Yanzu da na girma na san duk wanda ya ga abin da matar ta gani haka zai rubuta. Hanyar wanke kai ma a fili take. Kowane ɗalibi ya rubuta cewa bai taɓa biya ba, Alhaji mijin Hajiya kuma ya rubuta cewa kayan nasa ne, aro aka yi. Ɗalibai suka rubuta nan da nan. Na Alhaji ne ya gagara, domin sai Baba ya je ya roƙi wani magidanci ya sa hannu a kan cewa Malam Haruna ba shi da ko abin shimfiɗa. Yakan saka hula ya tsallaka tsakar gida, ya hau benen, ya zauna su gaisa, su yi hirar damina da farashin shadda, ya sha shayi ya dawo. Inna ta tambaye shi da ido, ya ce Alhaji yana da baƙi. Ya yi haka ba sau ɗaya ba, makonni suna wucewa.

Sanyin wannan shekara na fi tunawa da shi. Kawu Illa da abokin kwanansa suka kwashe akwatunansu tun kafin a ce musu komai, Baba ya raka su har tashar tiram. Aka rage shofaj, na'urar ɗumama ɗaki, muna kwana da rigunan sanyi. Inna ta ƙara aikin yamma a kan na asuba, hannayenta suka tsattsage. Mai gidan da muke haya tsoho ne, da farko ya yi haƙuri, daga baya ya daina amsa gaisuwa. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a lakol ɗinmu ta faɗa wa Inna cewa doka ta hana a fitar da mai haya a lokacin sanyi, kuma ko bayan sanyi sai an je kotu, kafin nan bincike ya ƙare. Ta ce mu zauna daram, kada mu motsa. Inna ta kawo wa Baba wannan magana da murna. Ya ce, "Ba za a kira sunan ubana a kotu a kan kuɗin haya ba." Washegari Inna ta yafa mayafi ta tafi wurin Hajiya da kanta. Hajiya ta yi kuka, ta ce don me ba a faɗa mata tun farko ba, Alhaji ya rubuta a ranar. Sai dai takardar ta shiga layi a bayan na mutane masu yawa.

Sanyi na wucewa Baba ya kai wa tsohon makulli. Ya sayar da abin da zai sayu ya rage bashi, ya ɗaure littattafansa a kwali ya bar su wurin wani aboki, ya ce zai dawo ya ƙarasa karatun. Wani ɗan garinsu ya yi masa alkawarin aiki a rumbunan kaya na Aubervilliers, a bakin Paris. Inna ta raba gwangwanayenta ga maƙwabta, tana gaya wa wata 'yar Fotugal yadda ake tsinkar yakuwa. Malamar ajinmu ta sa yara suka yi mini zane. Ranar tafiya na sauko da jakata na tarar yara suna carafke a gindin bishiya, suna musu a kan wata doka da ni na koya musu. Ban tsaya raba gardamar ba, motar tana jira.

A Paris gidanmu ya rabu biyu. Baba ya samu gado a wani fwaye a Montreuil, irin gidajen nan na ma'aikata maza zalla, inda ake cusa gadaje a ɗaki kamar asibiti. Mu kuma aka ba mu ɗaki guda a wani ƙaramin otel a Aubervilliers, inda aka hana girki. Inna tana dafa shinkafa a ɓoye a kan ƙaramin murhun lantarki, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul don kada ƙanshi ya fita. A kan gado nake aikin lakol, littafi a cinya. Aka yi ta sauya mana otel, lakol yana sauyawa tare da shi, har na daina wahalar haddace sunayen 'yan aji. Lawali, mai surutun nan, ya koma yaro mai shiru. Ran Lahadi mu shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu sauya layi a tsakiyar birni, mu je ganin Baba. Da bazara amsar binciken ta zo. An wanke shi, an kuma biya tsohon abin da aka riƙe. Amma taimakon haya na mai haya ne, mu kuwa ba mu da gidan da za a biya wa.

Wata Lahadi muna zaune da shi a harabar fwaye, a kan benci kusa da masu gasa masara, wayarsa ta yi ƙara. Daga Damagaram ne. Wani dattijo ne, muryarsa tana fitowa har inda nake. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina iyali, ina gajiya, lahiya lau, lahiya lau. Sannan dattijon ya ce yaronsa ya samu karatu a Lyon, an ce masa in ya isa ya nemi Malam Haruna, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Baba ya yi shiru har dattijon ya ce, "Malam, kana jina?" Ya ce, "Ina jinka, Alhaji." Ya share gumi a goshinsa ko da yake ba a zafi. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ba ni da gida." Na dubi Inna, tana kallon ƙasa. Baba ya tambayi labarin ruwan sama, ya yi sallama, ya saka wayar a aljihu. Ya ce mu tashi mu tafi kafin metro ya cika.

Sai da muka yi shekaru kafin muka sake samun gida, alokasiyo ta dawo, ta kuma riƙe mu har na gama jami'a, Lawali ya zama injiniya. Ba na raina ta. Na ga abin da take yi wa yaro idan tana nan, na ga abin da ke samunsa idan ta tsaya. Inna ta koyi darasinta, duk ma'aikacin da ya shigo takan kama hannunsa ta kai shi inda bango ke yoyo, ta nuna masa ba tare da ta ɗaga ido ba. Baba bai koma Lyon ɗaukar kwalinsa ba. A rumbun kaya ya yi ritaya, kuma har ya koma ga Allah bai sake ba wa kowa lambarsa don sauka ba.

Yau a Montreuil nake zaune, ina biyan hayata da albashina. Ɗaliban yanzu tun suna gida suke kama ɗaki ta waya, su nemi taimakon haya a watan farko, kuma hakan ya fi musu. Farkon shekarar karatu nakan gan su a metro, akwati tsakanin ƙafafu, suna duban taswirar layi suna magana da Hausar Damagaram. Nakan gaishe su, in tambayi mutanen gida, in gaya musu inda za su sauya layi. Idan tashata ta zo in sauka ni kaɗai. Gida dai mun sake samu, amma ba mu sake zama masauki ba.